Gaya: Ƙasa da Tarihin Tsohon Gari a Gabashin Kano

Gaya gari ne a gabashin Jihar Kano, kimanin kilomita 60 daga birni. Hanyar da ta haye gadar Wudil ita ke kai matafiyi can, daga nan ta rabu: ɗaya ta nufi wajen Dutse da Shuwarin, ɗaya ta bi ta Jahun da Kafin Hausa har Haɗeja. Garin shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Gaya, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum dubu 200 da 'yan kai. A yamma tana iyaka da Wudil, a kudu da Albasu, a gabas da Jihar Jigawa. A arewa kuwa Ajingi ce, wadda a da cikin gundumar Gaya take kafin a yanke ta ta zama ƙaramar hukuma mai zaman kanta. Saboda haka idan ana maganar ƙasar Gaya ta dā, ba a raba ta da Ajingi. Kademi da Gamarya da Shagogo da Balan na wannan ɓangare, da Toranke da Balare da Chula da Gafasa na wancan, duk ƙasa ɗaya ce a idon tarihi. Masarautar Gaya ta yau, yadda dokar 2024 ta tsara ta bayan an rushe tsarin masarautu na 2019, ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu.

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, tana gangarawa sannu a hankali daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, wato wajen Tafkin Chadi. Babu wani dutse da ya tsaya a kan garin kamar yadda Dala da Gwauron Dutse suka tsaya a Kano, ko yadda duwatsu suka rungume Rano da Dutse. Abin da ya bambanta wurin yana ƙarƙashin ƙafa. Yammacin Kano da kudancinta suna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, wanda ke ɓullowa nan da can, da jar ƙasa da marmara a samansa. Gabas kuwa wannan dutse ya nutse, yashi da laka da suka taru cikin kwarin Chadi tun zamani mai nisa suka binne shi. Iyakar waɗannan ƙasashe biyu ta ratsa ne ta wannan yanki na Wudil da Gaya. Mai tafiya gabas yana ganin canjin da idonsa: duwatsu suna raguwa, ƙasa tana yin fari, jigawa tana yawaita, har a kai inda tudun yashi ke jere da fadamu a tsakaninsu.

Babban ruwan yankin shi ne kogin da Kano da Chalawa suka haɗu suka haifa, wanda mutanen wurin ke kira kogin Wudil, littattafai kuma suke kira kogin Haɗeja. Ya bi ta arewacin ƙasar ya nufi Ringim. Akwai kuma Dudurun Gaya, mai zuwa daga kudu, wanda ke cika da damina ya janye da rani. Kafin a gina madatsar Tiga a 1974 da ta Chalawa a 1992, kogin yakan yi ambaliya sosai a watan Agusta, ya bar danshi da taki a fadama, da rani kuma ya koma rairayi sai an tona. Wanda zai fahimci zaman mutanen dā sai ya riƙe wannan tsohon hali na kogin a ransa, ba wanda ake gani yanzu ba.

Ruwan sama yakan sauka daga ƙarshen Mayu ko Yuni zuwa Satumba, kimanin milimita 800 a shekara mai kyau. Jigawa ta gero da wake da gyaɗa ce, ƙasa mai ɗan nauyi ta dawa, fadama ta shinkafa da rake da kayan lambu. Itatuwan gona su ne waɗanda aka sani a ƙasar Kano: kuka, ɗorawa, tsamiya, kanya, gawo. Yashi yana da sauƙin noma da fartanya, rijiya kuma tana ba da ruwa. Waɗannan biyu sun isa su tara jama'a. Abu ɗaya ne irin wannan ƙasa ba ta da shi da yawa, shi ne tama, kuma a kan ƙarfe ne tarihin Gaya ya fara.

Labarai uku na asali sun ambaci Gaya, kowanne ta hanyarsa. Na farko shi ne na Abagayawa. Maƙeran birnin Kano da ake kira da wannan suna suna cewa kakansu wani maƙeri ne mai suna Kano, wanda ya taso daga Gaya yana neman tama, ya same ta a gindin Dala, ya zauna. Na biyu shi ne labarin Bayajida. Bayan ya gudo daga Barno ya bar matarsa a Garun Gabas, wato Biram, an ce ya biyo ta Gaya, maƙeran garin suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ita a Daura. Na uku yana cikin Waƙar Bagauda, wadda Mervyn Hiskett ya buga da fassara a 1964 da 1965. Ita ta nuna Bagauda maharbi ne da ya fito daga Gaya ya sari dajin Kano, daga baya manoma suka biyo shi saboda yunwa ta kore su daga garuruwansu.

Ba a ɗaukar irin waɗannan labarai kamar shaidar gani da ido. An daɗe ana ba da su da baki, kowane zamani yana gyara su daidai da bukatarsa, kuma Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci ya kawo Bagauda ta wata hanya dabam. Amma abin lura shi ne masu labaran ba gida ɗaya suke ba. Ɗaya na maƙera ne, ɗaya na fadar Daura, ɗaya na mawaƙa da malamai. Babu kuma wanda ya fito daga fadar Gaya, balle a ce yabon kai ne. Duk da haka sun haɗu a kan cewa Gaya ta riga Kano zama gari, biyu daga cikinsu kuma sun ɗaura ta da ƙira. Binciken ƙasa ya ba da ɗan goyon baya ta gefe: ragowar wurin narka tama da aka tono a Dala an auna shekarunsa ya kai wajen ƙarni na 7 na Miladiyya, ɗaruruwan shekaru kafin 999, shekarar da aka saba ba farkon sarautar Bagauda a Kano. Wannan bai tabbatar da sunan kowa ba. Ya dai nuna cewa masu aikin ƙarfe sun riga sarakuna zuwa Dala, kamar yadda Abagayawa ke faɗi.

Tafiyar maƙerin ma tana da ma'ana idan aka dubi ƙasa. Narka tama yana cin abu biyu, dutsen tamar da gawayi mai ƙarfi, musamman na ƙirya. Ana gina murhu da laka, a jera tama da gawayi, a hura wuta ta kwana tana ci, sannan a fasa a ciro dunƙulen ƙarfe a kai maƙera. Gari mai yawan manoma a ƙasar yashi kullum yana bukatar fartanya da gatari da lauje, maharbansa suna bukatar kibiya da mashi, amma tamar tana yamma, inda marmara take. Maƙerin da ya bar Gaya ya nufi Dala bin kayan aikinsa ya yi. Sauran jama'a suka bi ƙarfe.

Wani abin mamaki shi ne Gaya ba ta cikin Hausa Bakwai. Biram tana ciki, Rano tana ciki, ita kuwa da ta ba da wuƙar ba a ba ta kaso ba. Labarin Bayajida ya san ta a matsayin garin masu sana'a da aka tarar a zaune, ba garin da jikokin Bayajida suka kafa ba.

Daga nan sai labari ya yi shiru na tsawon lokaci. Tarihin Kano, wanda aka kammala a zamanin Sarki Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19, H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, aka kuma sa shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, littafi ne na fadar birni. Hankalinsa yana kan ginin ganuwa tun daga Gijimasu, da gwagwarmaya da masu tsafin Tsumburbura, da yaƙin Santolo, da zuwan Wangarawa a zamanin Yaji (1349–1385). Shekarun nan da ake jerawa Palmer ne ya lissafo su baya-baya daga tsawon sarautar kowane sarki, don haka kimantawa ce, musamman na farko-farko.

A ƙarni na 15 ne gabas ta buɗe, Gaya ta fito fili. A zamanin Sarki Dauda (1421–1438) wani babban ɗan sarauta daga Barno, Dagaci, ya zo Kano da jama'a da dawakai da yawa ya zauna. Magajin Dauda, Abdullahi Burja (1438–1452), shi Tarihin ya ce ya fara kai wa Barno gaisuwa, ya buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, ya kuma fara mallakar raƙuma a ƙasar Hausa. Ya auri 'ya'yan sarakunan Dutse da Shira da Rano, wanda ke nuna inda yake neman ƙawance. Wannan ya zo daidai da lokacin da sarakunan Sefawa na Barno, bayan sun bar Kanem, suke kafuwa a yammacin Tafkin Chadi, har Mai Ali Gaji ya gina Birnin Gazargamu wajen 1470. Tun daga nan, babbar daula mafi kusa da Kano tana gabas, kuma duk abin da zai zo daga can, ko fatake ko malamai ko mayaƙa, sai ya ratsa ƙasar da ke tsakanin Haɗeja da Wudil.

A cikin wannan yanayi ne Tarihin ya kawo labarin Agalfati. A zamanin Yakubu ɗan Abdullahi Burja (1452–1463), in ji shi, wani ɗan Sarkin Machina mai wannan suna ya zo Kano tare da 'yan'uwansa uku. Shi ya zama Sarkin Gaya. Ɗaya ya sami Haɗeja da sarautar Gabas, ɗaya ya sami Dal, na ƙarshe ya wuce Zazzau ya zama Sarkin Gayan. Machina tana arewa maso gabas, kusa da Nguru, cikin Jihar Yobe ta yau, a bakin ƙasar da ikon Barno ke kaiwa. Labarin gajere ne, amma ya faɗi abubuwa da dama. Gaya ta riga ta zama gari mai sarauta da ya isa a ba ɗan sarki. Sarautar kuma ta hannun Sarkin Kano ta fito, ko aƙalla haka fadar Kano ta so a tuna. Sannan gidan da ya hau yana da dangi a Haɗeja da Machina, wato a kan hanyar Barno tun daga wannan kai har wancan. Ko Yakubu ne ya zaɓi baƙin don su tsare masa gabas, ko kuwa sun zo da ƙarfinsu ne ya ga gara ya naɗa su, sakamakon ɗaya ne: Gaya ta zama gidan sarauta mai ƙafa ɗaya a Kano, ɗaya a gabas.

A zamanin Yakubun nan ne Tarihin ya ce Barebari suka zo da yawa, Larabawa suka zauna, gishirin Azbin ya wadatu, Fulani kuma suka iso daga Mali da littattafai. Kasuwancin garuruwa irin Gaya a nan ya samo ƙarfinsa. Daga gabas ana kawo kanwa da gishirin Manga da dawakai da busasshen kifi. Daga yamma da kudu goro ke zuwa, da tufafi da kayan ƙira da na fata. Ƙasar da kanta tana ba da hatsi, abin da ayari ba ya tafiya sai da shi. Tafiyar jaki daga Gaya zuwa birni kwana biyu ce ko uku, da ƙetare kogi a tsakani, saboda haka wuri ne da madugu zai sauke kaya a zango, a huta, a sayi guzuri, a ji labarin farashin birni kafin a shiga. Hanyar Barno ba ɗaya ba ce. Akwai ta arewa ta Gumel, akwai ta kudu ta Katagum da Shira, kuma yaƙi ko damina kan sa fatake su sauya. Wannan ya hana Gaya ta riƙe cinikin ita kaɗai. Da Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa kasuwar Kurmi ya faɗaɗa birni, babban ciniki ya tattara can, kasuwannin gabas suka zama masu ciyar da shi. Tsarin bai ɓace ba: kasuwannin mako na yankin, irin ta Kademi da karar shanu ta Wudil ta ranar Juma'a, har yau tara kaya suke yi su tura gaba.

Zama a bakin iyaka yana da tsada. A ƙarni na 16 zumuncin Kano da Barno ya yi tsami. Muhammadu Kisoki (1509–1565) ya kai hari wajen Nguru, Barno ta rama. Ahmad ibn Furtu, limamin Mai Idris Alauma, ya rubuta yadda ubangidansa ya rushe garuruwa masu kafi da Kanawa suka gina a gabas suna kai hari daga cikinsu, ya ambaci Majiya a cikinsu, wadda ke arewa maso gabas da ƙasar Ajingi. Bayan haka Kwararrafa suka taso daga kudu, a zamanin Muhammadu Zaki (1582–1618), suka sake dawowa a ƙarni na 17. Garin da ke fili, ba dutsen da zai fake a kai, ba shi da abin dogaro sai ganuwa da yawan dawakai. Sarkin da aka bar wa tsaron irin wannan wuri dole a bar shi ya yi ƙarfi, kuma ƙarfin da ya isa tare abokin gaba ya isa ya sa mai shi ya ɗaga kai.

Haka kuwa aka yi a zamanin Sarki Dadi (1670–1703). Kwararrafa sun shiga birnin Kano kansa sun yi ɓarna, martabar fada ta ragu. Sarkin Gaya Farin Dutse ya yi tawaye, ya shekara uku bai kai haraji ba. Abin da ya fi nuna nauyin Gaya shi ne yadda aka kawo ƙarshen abin: Dadi bai fita da runduna ya ci garin ba, lallashinsa ya yi ya zo ganawa, sannan aka kashe shi. Tarihin ma ya kawo ruwaya biyu kan yadda aka yi kisan, alamar cewa magana ce da aka daɗe ana yi ƙasa-ƙasa.

Amma Farin Dutse yana da 'ya, Maryama, kuma tana gidan Dadi. Ɗanta Muhammadu Sharefa shi ya gaji sarautar Kano a 1703, ya riƙe ta har 1731. Tarihin ya faɗi ƙarara cewa a zamaninsa mutanen Gaya sun yi ƙarfi a birni. Abin da tawaye bai samo ba, aure ya kawo shi. Sharefa ba sarkin da talakawa suka ji daɗinsa ba ne, don shi ya ƙirƙiro haraji iri-iri, har da na kasuwar Kurmi da na 'yan mata idan za a aurar da su, kuma a zamaninsa ne aka ce wuri ya shigo ƙasar Hausa a matsayin kuɗi. Bayan Zamfarawa sun fatattaki rundunarsa a Yargana, sai ya dawo ya shiga gina ganuwa a garuruwa, kuma Gaya ce farkon waɗanda aka lissafa, tare da Takai da Tsakuwa da Gano da Dawaki. Zamfara tana yamma, garuruwan nan kuwa duk suna gabas da kudu maso gabas. Ana iya karanta wannan a matsayin shirin wurin ja da baya idan birni ya faɗi, ana kuma iya ganin hannun dangin uwa a ciki. Babu abin da ya hana duka biyun su zama gaskiya.

Jinin Gaya bai fita daga gidan sarautar Kano ba bayan Sharefa. Ɗansa Kumbari ya hau a 1731, jikansa Alhaji Kabe ya biyo a 1743. A 1753 sarauta ta koma ga Yaji na biyu, ɗan Dadi, wanda Tarihin ya ba da sunan mahaifiyarsa Maryama shi ma. Idan Maryamar nan ɗaya ce, kamar yadda alamu suka nuna, to Babba Zaki da Dauda Abasama da Muhammadu Alwali, 'ya'yan Yaji uku da suka yi sarauta bi da bi, su ma jikokinta ne. Ke nan duk wanda ya zauna a gadon Kano daga 1703 har faɗuwar gidan tsatson Sarkin Gayan da aka kashe ne.

Jihadi ya rufe wannan babi. Fulanin gabashin Kano suna cikin waɗanda suka tashi da wuri, musamman Joɓawa na Utai a ƙasar Wudil, ƙarƙashin Malam Bakatsine. An karya Alwali a Ɗanyaya, ya bar birni, aka kashe shi a Burumburum wajen 1807. Sarautar Gaya, kamar ta sauran manyan garuruwa, ta koma hannun Fulani. Sabbin masu mulki ba su rushe matsayin garin ba. A tsarin masarautar Kano na ƙarni na 19, yawancin ƙasa tana hannun hakimai da ke zaune a birni suna aika jakadu, amma Gaya da Rano da Dutse da Ƙaraye suna da sarakunansu na gado da ke zaune a garuruwansu, da tambarinsu da masu sarautarsu da dakarunsu, suna kai haraji da gaisuwa Kano, suna kuma fita yaƙi idan Sarki ya kira. A kan wannan matsayi Turawa suka tarar da Gaya a 1903, suka mai da ƙasarta gunduma.